Manhajar Jagorancin Fasinja a Tashar Jirgin Ƙasa: Yadda Take Aiki da Abin da Take Bukata daga Harshen Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan tunanin samar da manhajar wayar hannu da za ta yi wa fasinja jagora a cikin tashar jirgin ƙasa, musamman a lokacin da zai sauka daga wani jirgi ya hau wani. An ɗauki tashar Idu da ke Abuja a matsayin misali, tare da waiwayar abin da aka yi a Tokiyo da Landan da Basalona. An fayyace yadda ake tattara bayanan tasha, da yadda ake lissafa hanya, da yadda waya take gane inda mai ita yake tsaye. Maƙalar ta nuna cewa duk waɗannan ana iya aro su daga waje, amma jimlar da manhajar za ta faɗa wa fasinja sai an gina ta daga cikin Hausa, domin kalmomi irin su gaba da layi da sauka da can suna ɗauke da harshen damo da zai iya sa matafiyi ya rasa jirginsa.

1.0 Gabatarwa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, kuma tare da shi kalmomi irin su tasha da tikiti da tarago da reluwe suka samu gindin zama a bakin Bahaushe. Tsawon shekaru, tashar da Bahaushe ya sani ba ta da wuyar sha'ani. Jirgi ɗaya ake jira, a wuri ɗaya, wanda kuwa ya rikice sai ya tambayi na kusa da shi, tun da matambayi ba ya ɓata.

Wannan yanayi ya fara sauyawa. An buɗe layin dogo na zamani tsakanin Abuja da Kaduna a watan Yulin 2016, mai tsawon kimanin kilomita 186, daga Idu zuwa Rigasa. A watan Yulin 2018 aka ƙaddamar da jirgin cikin birnin Abuja, wanda ya tsaya da aiki a 2020, aka sake farfaɗo da shi a watan Mayun 2024. Layinsa ɗaya ya taso daga tsakiyar birni ya ratsa ta Idu ya nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ɗayan kuma ya tashi daga Idu ya nufi Gbazango ta ɓangaren Kubwa. Ke nan Idu ta zama mahaɗa. Mutumin da ya taso daga Rigasa yana son ya kama jirgin sama a Abuja zai iya yin dukkan tafiyarsa a kan dogo, muddin ya san yadda zai sauya jirgi a Idu. Haka alhazanmu suke cin karo da manyan tashoshi a ƙasa mai tsarki, inda jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa ya fara aiki a 2010, na Makka zuwa Madina kuma a 2018.

A irin waɗannan wurare tambaya ba ta wadatarwa, domin wanda za a tambaya shi ma baƙo ne, jirgi kuma ba ya jiran a gama bayani. Daga nan ne tunanin manhajar jagora ya samo asali.

2.0 Matsalar da Ake Son Warwarewa

Sanin jirgin da za a hau abu ne da jadawali yake bayarwa. Abin da jadawali ba ya faɗa shi ne abin da ke faruwa tsakanin sauka da hawa: ta wace ƙofa za a fita, akwai matakala ko babu, ina ake sayen tikiti na biyu, kuma minti nawa duk wannan zai ci. Mu ƙaddara jirgin Kaduna ya iso Idu da ƙarfe 10:20, na filin jirgin sama kuma zai tashi da 10:28, wanda ke bi masa sai bayan minti arba'in. A takarda akwai tazarar minti takwas. Idan tafiyar ƙafa tsakanin jiragen biyu mita 400 ce, a kan ma'aunin mita 80 cikin minti guda da ake amfani da shi a Japan wajen ƙiyasta tafiyar ƙafa, minti biyar sun tafi. Saura uku, waɗanda jiran fita daga tarago da sayen tikiti za su cinye. Saurayi mai 'yar jaka zai iya samun jirgin. Dattijuwa mai akwati da jika a hannu ba za ta samu ba, kuma gara a gaya mata gaskiya tun tana cikin jirgin farko don ta sake shiri.

Inda wannan matsala ta kai matuƙa shi ne tashar Shinjuku ta birnin Tokiyo, wadda kafin 2020 fasinjoji fiye da miliyan uku da rabi suke ratsa ta a kullum, kuma take da ƙofofin fita sama da 200. Idu ba ta kama ƙafar Shinjuku ba wajen girma, amma sun yi tarayya a abu guda: jiragen da suka haɗu a cikinsu ba hukuma ɗaya ke tafiyar da su ba. Layin Kaduna yana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, na cikin birni kuma yana ƙarƙashin Hukumar Babban Birnin Tarayya. Kowace tana da jadawalinta da tikitinta. Fasinja ne kaɗai yake kallon tafiyar a matsayin abu ɗaya, don haka manhajar da za ta amfane shi dole ta kalle ta da idonsa.

3.0 Yadda Manhajar Take Aiki

3.1 Bayanan jadawali da na tasha

Tushen irin wannan manhaja shi ne bayanai da aka tsara a sigar da kwamfuta za ta iya karantawa. Sigar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce GTFS, wadda kamfanin Google da hukumar sufuri ta TriMet da ke birnin Portland na Amurka suka fara a 2005. Tarin jadawalai ne masu sauƙi: ɗaya na sunayen tashoshi da wurarensu, ɗaya na layuka, ɗaya na lokutan isowa da tashi, wani kuma na sauyin jirgi, inda ake rubuta mafi ƙarancin lokacin da ake bukata don a tashi daga wannan dandamali a isa wancan. Daga baya an ƙara wani sashe da yake siffanta cikin tasha kanta. A nan ana rubuta kowane zango na tafiyar ƙafa, ko baranda ce, ko matakala, ko matakalar lantarki, ko lifta, ko shingen duba tikiti, tare da tsawonsa da yawan takunsa da faɗinsa. Da wannan ne manhaja take iya zaɓa wa mai keken guragu hanyar da ba ta da matakala.

Gurabe biyu a cikin wannan tsari sun shafi masana harshe kai tsaye. Akwai gurbin da ake kwafe ainihin rubutun da ke jikin allon tasha, akwai kuma jadawalin fassara, inda ake sanya sunaye da bayanai a wasu harsuna. Wato an riga an tanadi wurin da Hausa za ta zauna, sai dai a samu masu cike shi.

3.2 Lissafin hanya

Da zarar bayanai sun kammala, sai lissafi. Dabarar gano hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu tsohuwa ce, domin masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa ta tun 1959. Ana farawa daga inda matafiyi yake, a riƙa faɗaɗa bincike zuwa wuri mafi kusa da ba a kai ba tukuna, har a isa inda aka nufa. Sai dai a sufurin jama'a hanya mafi sauri ba lallai ta zama mafi dacewa ba. Mutane da yawa sun gwammace su ƙara minti goma a zaune da su sauya jirgi sau biyu da kaya a ka. Saboda haka aka samar da wasu dabaru, kamar RAPTOR da aka wallafa a 2012, wadda take aiki zagaye-zagaye. A zagaye na farko takan gano duk inda za a iya kaiwa da jirgi ɗaya, a na biyu duk inda za a kai da sauyi ɗaya, haka har a gama. Sakamakon shi ne zaɓi biyu ko uku da za a ajiye wa fasinja ya ɗauki wanda ya dace da halinsa.

Wata hikima da ta fito daga wannan lissafi ita ce gaya wa fasinja taragon da zai shiga tun daga tashar farko, domin idan ya sauka ya tarar da ƙofar fita a kusa da shi. Manhajar Citymapper da manhajojin sauyin jirgi na Japan suna yin haka. A dogon jirgi, wannan kaɗai yana iya ceto minti biyu ko uku.

3.3 Gano inda fasinja yake

Wannan shi ne sashe mafi wuya ta fuskar fasaha. A fili, wayar hannu tana dogara da taurarin ɗan'adam na GPS, kuma kuskurenta bai cika wuce 'yan mitoci ba. A ƙarƙashin rufin ƙarfe da kankare, ko a ƙarƙashin ƙasa, saƙon taurarin yakan raunana ko ya ɓace, kuma ko ya samu ba ya bambance hawa na ɗaya da na biyu yadda ya kamata. An gwada hanyoyi da dama don cike wannan giɓi. A tashar Pimlico ta Landan, a 2015, shirin Wayfindr ya liƙa ƙananan na'urorin Bluetooth a bango, waɗanda waya take jin kusancinsu ta faɗa wa makaho inda zai nufa. A tashoshin Basalona an manna tambura masu launi na NaviLens, waɗanda kyamarar waya take iya karantawa daga nesa ba tare da an tsaya an saita ta ba.

Hanya mafi araha, wadda ta fi dacewa da wurin da intanet ke yankewa, ita ce a sauke taswirar tasha a cikin waya tun kafin tafiya, sannan a bar fasinja ya tabbatar da inda yake da idonsa. Manhaja ta ambaci wata alama, shi kuma ya danna cewa ya gan ta. Wannan ya dace da abin da Kevin Lynch ya nuna a littafinsa na 1960 game da yadda mutane suke riƙe surar birni a zukatansu, inda ya sanya fitattun alamomi da mahaɗun hanyoyi cikin ginshiƙan gane wuri. Ya kuma dace da kwatancen Bahaushe, wanda bai cika auna hanya da mita ba, sai dai ya ce a wuce masallaci, a sha kwana wajen mai shayi.

4.0 Jimlar Jagora a Hausa

Duk abin da aka lissafa a sama yana ƙarewa ne a gajeriyar jimla da fasinja zai karanta ko ya saurara yana tafe, cikin hayaniya, hankalinsa a rabe. Masu shirin Wayfindr sun fahimci haka, shi ya sa ƙa'idojin da suka tsara, waɗanda hukumar sadarwa ta duniya ITU ta amince da su a 2017, suka ba da muhimmanci ga yadda ake tsara kalaman umarni. Waɗannan ƙa'idoji da Ingilishi aka yi tunaninsu. Ga wasu wurare da fassara kai tsaye za ta yi tuntuɓe.

4.1 Gaba da baya

Binciken Clifford Hill da aka buga a 1982 ya nuna cewa Hausawa da masu jin Ingilishi sun sha bamban wajen kwatanta abu da wani abin da ba shi da fuska, kamar dutse ko ginshiƙi. Mai jin Ingilishi yakan ɗauka ginshiƙin yana fuskantarsa, don haka abin da ke “gabansa” yana tsakanin mai magana da ginshiƙin. Bahaushe kuwa yakan ɗauka ginshiƙin ya fuskanci inda shi ma ya fuskanta, don haka abin da ke gaba da ginshiƙi sai an wuce ginshiƙin za a same shi. Kowa ya san ma'anar “gaba da kasuwa kaɗan”. Idan aka juya umarnin Ingilishi kalma da kalma, za a tura fasinja ya wuce ƙofar da ake son ya shiga. Mafita ita ce a yi amfani da aikatau a madadin bayanau na wuri: “kafin a kai ginshiƙi” ko “bayan an wuce ginshiƙi”.

Haka nan “a tsaya a gaban jirgi” jimla ce da bai kamata ta fito daga manhaja ba, domin tana iya nufin kan dogo. Abin da ake nufi shi ne “a tsaya daidai tarago na farko”. Kwatance da gabas da yamma, wanda Bahaushe ya saba da shi saboda rana da alƙibla, shi ma yakan rasa amfani a cikin rufaffiyar tasha, don haka dama da hagu ne abin dogaro.

4.2 Kalmomi masu ma'ana fiye da ɗaya

Aikatau sauka yana nufin fita daga jirgi, yana kuma nufin bin matakala zuwa ƙasa. Hau ma haka yake, na jirgi ne kuma na bene. A tasha waɗannan ayyuka huɗu suna iya zuwa a jere cikin minti biyu. Ya kamata manhaja ta keɓe fita da shiga ga jirgi, ta bar sauka da hau ga matakala, ko kuma kada ta taɓa furta su ba tare da ambaton abin da ake hawa ko ake sauka daga kansa ba.

Kalmar layi ta fi rikitarwa. Tana nufin hanyar dogo, da jerin masu jiran tikiti, da zanen fenti a ƙasa, da layin waya. Wanda aka ce wa “bi layi” zai je ya tsaya bayan mutane ne. Don haka “a shiga jirgin layin rawaya” daban, “a bi zanen rawaya da ke ƙasa” daban, “a shiga layin tikiti” daban, kuma kowanne sai an cika shi. Akwai kuma bambanci tsakanin “ƙofa ta biyu”, wato wadda za a tarar bayan ta farko, da “ƙofa mai lamba 2”, wadda tana iya zama ita ce ta farko a hanyar fasinja. Jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokiyo sun ba kowace tasha harafi da lamba tun 2004, alal misali G09 ga tashar Ginza, don baƙon da ba ya karanta Japananci. Irin wannan lamba tana amfanar wanda bai iya boko sosai ba, da sharaɗin jimlar Hausa ta nuna cewa lamba ce ba jeri ba.

4.3 Aikatau giredi na shida

A rabon aikatau da F. W. Parsons ya yi a 1960, giredi na shida mai ƙarewa da wasalin -o yana nuna aikin da ya nufo mai magana: fito, shigo, sauko, iso. Wannan ya tilasta wa mai tsara manhaja ya amsa tambayar da Ingilishi bai cika tilasta masa ba, wato a ina muryar take tsaye? Idan ta ce “fito ta ƙofar dama”, ta nuna tana waje tana jira. Alhali tana hannun fasinja, tare suke tafiya, kamar ɗan jagora da makaho. Saboda haka motsin fasinja zai zo da fita da shiga da sauka, motsin jirgi zuwa gare shi kuma ya zo da giredi na shida: “jirgi ya iso”, “jirgi yana shigowa”. Idan aka riƙe wannan ƙa'ida, ɗafa-ƙeyar kaɗai za ta sanar da fasinja ko shi ne zai motsa ko jira zai yi.

4.4 Wa ake yi wa magana?

Umarni na kai tsaye a Hausa, kamar “juya dama”, ba ya nuna jinsi, amma da zarar an jera aiki na biyu sai jinsi ya bayyana: “fita ka juya” ko “fita ki juya”. Manhaja ba ta san ko namiji ne ko mace ke riƙe da ita ba, ba ta kuma san ko yaro ne ko dattijo ba. Wakilin suna a, wanda ba ya ayyana kowa, ya warware wannan, kuma shi ne aka saba gani a allunan sanarwa: “a fita, a juya dama, a sauka matakala”. Yana ɗauke da ladabi ba tare da tsawaita jimla ba. Ana iya barin ka da ki a matsayin zaɓi ga wanda ya fi son su.

4.5 Karin sauti da murya

Da yawa daga cikin masu bukatar wannan manhaja za su fi dogara da sauraro a kan karatu. Rubutun boko kuwa ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka na'urar da ke mayar da rubutu murya sai ta yi hasashe. Nan mai faɗuwar sauti tana nufin kusa da mai magana, nan mai karin sama kuma kusa da wanda ake yi wa magana. Can mai faɗuwa tana nuna abin da ake hange, can mai karin sama kuma abin da ya yi nisa ƙwarai. Kalmomi huɗu ne a baki, biyu a takarda. Tun da jimlolin jagora ba su da yawa, kuma maimaita kansu suke yi, ya fi aminci a naɗi muryar ɗan harshe yana furta su, a bar wa na'ura haɗa lambobi da sunayen tashoshi. Game da lokaci kuwa, “saura minti biyar” ya fi saurin shiga kunne a kan 13:45, wanda sai an tsaya an mayar da shi biyu saura kwata.

5.0 Iyakokin Manhajar

Manhaja ba ta fin bayanan da aka ba ta inganci. Idan jirgi ya makara ba a sanar ba, ko aka rufe wata ƙofa ba a gyara taswira ba, za ta ɓatar da fasinja cikin cikakkiyar natsuwa, wanda ya fi rashin jagora muni. Ba ta kuma iya gyara jadawalin da bai dace da juna ba. A ƙasar Suwizalan, inda tun 1982 jirage suke maimaita tashi a minti ɗaya na kowace sa'a, sauƙin sauyin jirgi daga jadawali ya samo asali, tun kafin a san wayar hannu. Bugu da ƙari, allunan tashoshinmu galibi da Ingilishi suke. Idan manhaja ta ce “mafita” alhali allo yana ɗauke da wata kalma, fasinja ba zai haɗa su ba. Dole ta nuna masa hoton rubutun allon kamar yadda yake, umarnin kuma ya zo da Hausa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa tsarin bayanai da dabarun lissafi da na gano wuri duk suna nan a shirye, kuma injiniya zai iya ɗauko su ya yi amfani da su a Idu ko Rigasa. Abin da babu shi ne daidaitattun kalmomi da jimlolin jagora na Hausa da aka gwada a kan matafiya na gaske. Har yanzu ba a tsayar da kalma ɗaya ga wurin da ake tsayawa a hau jirgi ba, ko dandamali ne ko wani abu, haka ma matakalar lantarki da mahaɗar jirage. Aikin da ya samar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990, ƙarƙashin editancin Ɗalhatu Muhammad, ya nuna cewa sassan Hausa na jami'o'i sun san yadda ake irin wannan zama. Bukatar za ta ƙaru idan aka kammala layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, domin a lokacin jimla ɗaya za ta yi wa Bakano da Bamaraɗe jagora, alhali ɗaya daga Ingilishi yake aro, ɗayan daga Faransanci, kuma ƙa'idojin rubutunsu ba su zama ɗaya ba a kowane harafi.

Maƙalar tana ba da shawarar a fara da ƙaramin aiki. A tura ɗalibai tasha su naɗi yadda ma'aikata da 'yan dako da fasinjoji suke yi wa juna kwatance, a tace jimlolin da suka fi yawan fitowa, sannan a gwada su a kan baƙin da ba su taɓa shiga tashar ba, a ga wadda take kai mutum ƙofar da ake nufi da wadda take mayar da shi baya.